DARASINMU NA WANNAN FITOWA: Wanda Ya Fita Nema Bai Dawo Ba

Darasinmu na wannan fitowa zai ɗan kauce daga hanyar da muka saba bi. Mun daɗe muna kan tsarki, da zamantakewar aure, da tarbiyyar yara. Yau kuwa so nake ki yafa mayafinki mu bi bayan maigida zuwa wurin nemansa, mu ga abin da yake wuni a gabansa, daga nan mu dawo mu leƙa tsakar gidanmu.

Abin da ya jawo maganar shi ne ranar 28 ga watan Afrilu. A ƙasashe da yawa an keɓe wannan rana don tunawa da ma'aikatan da suka rasu ko suka nakasa a bakin aiki. Ƙungiyoyin ƙwadago na ƙasar Kanada ne suka faro ta a shekarun 1980, sannan a 2003 Hukumar Ƙwadago ta Duniya, wato ILO, ta mayar da ita ranar kiyaye lafiya da rayuka a wuraren aiki. Ba idi ba ce, ba kuma wata ibada ake yi a cikinta ba, kada wata ta ce malama ta kawo mana bidi'a. Rana ce ta lissafi da tambaya. Lissafin kuwa yana da nauyi. A ƙiyasin da ILO ta fitar a 2023, kusan mutum miliyan 3 ne ke mutuwa duk shekara a sanadiyyar aikinsu. Abin da ya fi ɗaure mini kai, waɗanda haɗari ke kashewa kimanin 330,000 ne a cikinsu. Sauran, wajen miliyan 2.6, cuta ce da aikin ya sa musu take cin su sannu a hankali har ta kai su kushewa. Ki riƙe wannan bambancin, don ni a gidanmu na fara ganinsa tun kafin in san sunansa.

Jiniyar Kakuri

A Kakuri aka haife ni, a tsallaken kogin Kaduna ta kudu. Wadda ta tashi a Kakuri ko Makera ko Nasarawa ba sai an gaya mata mene ne masaƙa ba. A 1957, zamanin Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello, aka buɗe masaƙar KTL, daga baya Nortex da Arewa Textiles da UNTL suka biyo a shekarun 1960. Kamfanin haɗa motoci na Peugeot ya fara aiki a 1975, matatar mai kuma a 1980. Dubban magidanta daga ko'ina a ƙasar nan suka taru a wannan tsallake, Musulmi da Kirista a gaban inji ɗaya. Muna yara ba ma buƙatar agogo. Jiniya ce ke gaya wa mahaifiyarmu lokacin ɗora tukunya, in an tashi daga aiki kuwa titi ya cika da kekuna ba masaka tsinke.

Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, ya yi shekara ashirin da wani abu a ɗakin saƙa na ɗaya daga cikin masaƙun nan. Ina tuna shi yana dawowa da farin kaɗa-kaɗan auduga a gashin kansa da girarsa, kamar wanda ya tsufa a wuni ɗaya, mu kuma muna rige-rigen cire masa. Ina tuna yadda yake magana da ƙarfi ko da kana kusa da shi, har baƙi su zaci faɗa yake. Rediyonsa kullum a ƙure. A masallaci sai ya yi sammako ya samu bayan liman, muna cewa son lada ne, kuma lallai akwai son ladan, amma daga baya ya gaya wa mahaifiyarmu cewa in ya yi nisa ba ya jin kabbara. Sannan ga tari. Duk ranar da ya koma aiki bayan hutun ƙarshen mako sai ya dawo yana dafe ƙirji, ya ce kamar an ɗora masa dutse. Aka ce sanyi ne, aka yi ta dafa citta da kanumfari.

Sai da na je kwalejin ilimi, a darasin kiwon lafiya, na ji malami yana bayanin wata cutar huhu da ƙurar auduga ke haddasawa, wadda likitoci ke kira bisinosis. Ya ce alamarta ta farko ita ce ƙirji ya ɗaure a ranar farko ta komawa aiki bayan hutu, daga nan abin ya riƙa tsawo har numfashi ya zama wahala kullum. Ya ce ƙarar da ta kai ma'auni 85 na desibel, in mutum yana wuni awa takwas a cikinta, tana kashe jijiyar ji a hankali, kuma abin da ya mutu a nan ba ya dawowa. Ɗakin saƙa mai tsofaffin injuna yakan haura 90. Wallahi ina zaune a ajin nan hawaye suka zubo mini, ƙawata tana tambayata lafiya. Lokacin mahaifinmu ya shekara biyu da rasuwa. Ba a taɓa rubuta sunansa a cikin waɗanda aiki ya kashe ba, don a kan gadonsa ya cika, shekaru bayan an rufe masaƙar. Abin toshe kunne da takunkumin hanci, kuɗinsu bai kai na atamfa turmi ɗaya daga cikin dubban da ya saƙa ba.

Irin mahaifinmu suna da yawa a unguwannin nan. Akwai mai yatsu uku, akwai wanda bel ya fizge wa hannu tun daga gwiwa, akwai kurame da ba a haife su kurame ba. Kuma masaƙun da suka ci ƙarfinsu sun rufe ɗaya bayan ɗaya: KTL a 2002, UNTL a 2007, duk da an sake buɗe ta daga baya na wani lokaci. Ma'aikatan KTL sun tafi ba a biya su haƙƙinsu na sallama ba, shekaru suka yi ta shuɗewa suna zarya, da yawansu suka rasu suna jira, matansu suka gaji zaryar. Jaridu sun sha kawo hotunan zawarawan nan, masu hijabi da masu ɗankwali a layi guda.

Kada ki ce ai zamanin masaƙa ya wuce. Mazajenmu na yau suna gaban walda, suna kan tsani a ginin bene, suna ƙarƙashin mota a garejin kanikanci, suna tuƙa tanka da tirela, suna kamfanonin Kudenda, suna hawa falwayar wuta. A watan Satumba na 2025 an samu fashewa a masana'antar makamai ta DICON da ke Kurmin Gwari, mutum ya rasu, wasu suka jikkata. Wannan ya shiga labarai saboda wurin sananne ne. Birkilan da ya faɗo daga hawa na biyu kuwa, sai dai ki ji ana cewa za a yi jana'iza bayan la'asar.

"Ai ƙaddara ce"

To ga inda darasin ya shafi aƙidarmu. Duk lokacin da irin wannan ta faru, kalmar farko da ke fita daga bakinmu ita ce ƙaddara. Gaskiya ne. Imani da ƙaddara, mai daɗi da mara daɗi, rukuni ne daga rukunan imani shida, kuma babu ran da zai wuce ajalinsa ko da daƙiƙa ɗaya. Wannan shi ke sanyaya zuciyar wadda aka shigo mata da gawar miji alhali abincin da ta ajiye masa bai huce ba. Ban zo in taɓa wannan ba.

Abin da nake ƙi shi ne yadda muke mayar da kalmar murfin tukunya. Da an ce ƙaddara ce, shi ke nan an rufe magana: ba a tambayar wa ya cire murfin bel ɗin, wa ya ce a hau tsanin da ya san ya rube, wa ya kulle ƙofa. Kuma abin lura, sau da yawa wanda ya yi sakacin shi ne ke fara furta kalmar a wurin ta'aziyya, da ɗan buhun shinkafarsa.

Magabata ba haka suka fahimci ƙaddara ba. Kin san labarin Sayyidina Umar (RA) lokacin da ya nufi Sham ya samu labarin annoba ta ɓarke a can. Bayan shawara ya juya da jama'a. Abu Ubaida (RA) ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, shi kuwa ya nuna masa cewa komawar ma ƙaddarar Allah ce, ya ba shi misali da makiyayin da ya sauka kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya busasshe: duk wanda ya zaɓa da ƙaddarar Allah ya zaɓa, amma mai hankali ya san inda zai kora raƙumansa. Haka nan mutumin da ya tambayi Manzon Allah (SAW) ko ya ɗaure taguwarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, umurnin da ya samu shi ne ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkali. A aya ta 195 ta Suratul Baƙara an hana mu jefa kanmu cikin halaka.

In kika bi hadisai za ki yi mamakin yadda Annabi (SAW) ya kula da abubuwan da yau ake kira matakan kariya. Wani gida ya ƙone da mutanensa cikin dare a Madina, sai ya yi umurni a riƙa kashe wuta kafin a kwanta. Ya umurci mai wucewa da kibiyoyi ta masallaci ko kasuwa ya riƙe tsininsu kada ya yanki wani. Ya yi gargaɗi a kan kwana a saman soron da ba shi da katanga. Ya hana mutum ya nuna ɗan'uwansa da makami ko da wasa. Duk waɗannan daga wanda ya fi kowa tawakkali suka fito. Saboda haka magidancin da ya ce hular kwano ta matsorata ce, ko tabaran walda na sababbin shiga ne, ba tawakkali ya fi mu ba, karatu ne bai kai can ba.

Wata za ta ce, ai malama an ce wanda gini ya faɗa wa, da wanda ya nutse, da wanda ya ƙone, shahidai ne. Haka ne, ya tabbata, kuma muna yi musu fatan wannan daraja. Amma darajar mamaci ba ta wanke wanda ya jawo mutuwar. Sayyidina Hamza (RA) shugaban shahidai ne, wannan bai mayar da kisansa abin kirki ba.

Bari in ba ki misali biyu da za su nuna miki hannun ɗan Adam ƙarara. A watan Satumba na 2002 gobara ta tashi cikin dare a wata masana'antar roba a Ikorodu ta jihar Legas, ma'aikata gwammai suka ƙone, kuma abin da ya fito shi ne an kulle su ne ta waje suna aikin dare. A ranar 24 ga Afrilun 2013 kuma, a ƙasar Bangaladash, wani bene mai suna Rana Plaza da ke cike da masana'antun ɗinki ya rufta, mutum 1,134 suka mutu, akasarinsu mata 'yan'uwanmu masu neman na tuwo. Kwana ɗaya kafin nan an ga bangon ya tsage, an fitar da mutane. Washegari aka ce su koma bakin keke. Ajalinsu ne ya zo, babu shakka. Wanda ya ce su koma kuma yana da tambayar da zai amsa, nan da can.

Diyya ba cin kuɗin jini ba ce

Akwai wata kunya da ke damunmu mu Hausawa. In an yi maganar diyya sai dangi su ce haba, mu ci kuɗin jinin ɗan'uwanmu? Mun yafe. Sau da yawa masu cewa mun yafe ɗin ba su za su ciyar da marayun ba. Matar tana ɗaki cikin takaba, wata huɗu da kwana goma, ba wanda ya leƙa ya ji ta bakinta. Kafin ta fita an gama komai.

Allah (SWT) da kanSa Ya shar'anta diyya a kisan kuskure, a aya ta 92 ta Suratun Nisa'i, a miƙa ta ga iyalan mamaci sai fa in su suka bar ta sadaka, tare da kaffara a kan wanda ya yi kisan. Ki lura, kuskure ne fa, ba ganganci ba, amma duk da haka ba a ce a tashi a watse ba. Malaman fiƙihu kuma sun yi dogon bayani a babin lamuni, suna bambanta wanda abu ya faru a hannunsa ba da sakacinsa ba da wanda ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. Matar aure tana da gado a cikin diyyar mijinta. Sayyidina Umar (RA) da farko yana ganin ba ta da shi, har sai da Dahhak ɗan Sufyan (RA) ya sanar da shi cewa Manzon Allah (SAW) ya rubuto masa ya ba matar Ashyam Addibabi gadonta daga diyyar mijinta, sai Umar ya janye ra'ayinsa. Baligi yana iya yafe rabonsa, kuma yafiya alheri ce. Rabon maraya ƙarami kuwa amana ce a hannun waliyyinsa, ba kyautar da zai yi don a ce shi mutumin kirki ne ba. In irin wannan ta taso a danginku, a kai maganar gaban malami masanin gado kafin kowa ya buɗe baki ya ce an yafe.

A ɓangaren hukuma ma akwai doka, sai dai yawancinmu ba mu san da ita ba. A watan Disamba na 2010 aka sa hannu a kan Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1987, kuma hukumar NSITF ce ke gudanar da ita. Tsarin shi ne mai kamfani ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a wani asusu, daga aljihunsa, ba a yarda ya cire daga albashin ma'aikaci ba. In ma'aikaci ya ji rauni, ko ya nakasa, ko ya kamu da cutar da aikin ya jawo, har da raunin ji, ko ya rasu, daga asusun nan ake biya. Haɗarin da ya same shi a hanyarsa tsakanin gida da wurin aiki ma yana ciki. Kuma dokar ba ta tsaya kan mai takardar ɗauka aiki kaɗai ba, ta haɗa da na wucin gadi da ɗan koyo, ko da da baki aka yi yarjejeniyar. Matar da miji ya rasu ya bari da 'ya'ya biyu ko fiye, waɗanda da shi suka dogara, dokar ta tanadar musu kashi 90 cikin 100 na albashinsa duk wata, mai ɗa ɗaya kuma kashi 85.

Amma akwai wa'adi, kuma a nan ake yawan yin asara. Ana so a sanar da mai kamfani cikin kwana 14 da faruwar abin, shi kuma ya kai rahoto ga hukumar cikin kwana 7, sannan a shigar da neman diyya cikin shekara ɗaya. Kin ga kwana 14 ɗin nan suna ƙarewa ne tun ana karɓar gaisuwa. Don haka tun ranar uku a samu wani namiji mai natsuwa a dangi, wa ko ƙane, a ɗora masa wannan aikin, ya rubuta takarda ya kai, ya karɓo shaidar an karɓa. Ba zan ɓoye miki ba, kamfanoni da yawa ba su yi rajistar ma'aikatansu ba, kuma bin haƙƙi a ofis yana son haƙuri da kuɗin mota. Inda akwai ƙungiyar ƙwadago a wurin aikin, ta nan ake fara bi. Mai sana'ar kansa kuwa, kamar mai walda a bakin titi, in bai yi wa kansa wani tanadi ba babu ofishin da zai biya shi, kariyarsa ita ce jarinsa.

Nan ne aikinki yake, tun ana zaune lafiya. Ki san sunan wurin da maigida yake aiki da inda yake, ba "can wajen Kakuri" kawai ba. A samu jaka guda a ajiye kofin katin aikinsa, da takardar albashi ko da ta wata ɗaya ce, da takardun haihuwar yara, da shaidar aure. In kuna da abokiyar zama, kowacce ta san inda jakar take, wannan ba wurin kishi ba ne. In ya ji ciwo a wurin aiki, ko ƙarami ne, a je asibiti a rubuta, a adana kati da rasit. Ɗaurin gida yana iya gyara ƙashi, amma ba ya ba da takarda.

Abin da yake shigowa da shi gida

Ke ce likitar farko. Ke kike jin tarinsa da asuba, ke kika san ya fara cewa "me kika ce?" sau uku kafin ya ji, ke kike ganin hannunsa yana sāɓa ko yana rawa. Namiji ba ya son a ce ya gaza, musamman in yana tsoron a sallame shi, saboda haka zai ce ba komai. Kada ki biye masa. A nan Kaduna muke da Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da Cibiyar Ido ta Ƙasa, mutane na zuwa daga jihohi masu nisa, mu da ke tsallaken gada ba mu da uzuri. Mai walda da ya tashi tsakar dare idonsa na zuba ruwa kamar an watsa masa yashi, hasken walda ne ya ƙona fatar idon. Kada a ɗiga masa nono ko ruwan sukari ko wani haɗin da maƙwabciya ta kawo, a kai shi a duba, gobe kuma ya nemi gilashin walda na gaske, ba baƙin tabaran kasuwa ba.

Sai kayan aikinsa. Ki tuna abin da ya faru a Zamfara a 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda aka riƙa kawo duwatsun zinare cikin gida ana daka su ana niƙa su, ashe akwai gubar dalma a ciki. Yara fiye da 400 suka mutu, waɗanda ko ramin haƙar ba su taɓa gani ba. Gubar har tsakar gida ta same su. To mai gyaran batir, da mai fentin mota, da mai feshin maganin ƙwari ko na ciyawa, duk suna iya ɗauko irin wannan a riga da takalmi. Kayan aiki su tsaya a zaure ko bayan ɗaki, kada a kakkaɓe su inda yaro ke rarrafe, a wanke su daban da na yara, shi kuma ya yi wanka kafin ya ɗauki jariri. Na san yaro na jin sallamar babansa zai ruga, kuma ba daɗi a tare shi. A saba masa da cewa Baba sai ya watsa ruwa.

Yanzu mu juyo kanmu, don ba mazan kaɗai ke da ma'aikata ba. Da yawanmu muna sana'a a gida, kuma madalla. Amma injin markaɗen da ke zaurenki, bel ɗinsa a rufe yake? Hijabi da mayafi da gashin yarinya, in bel ya kama, kafin a kashe inji an yi ɓarna, likitocinmu sun sha karɓar yaran da inji ya ɗaye wa fatar kai. A sa mai walda ya yi masa murfin ƙarfe ko raga, kuɗinsa bai kai cinikin mako ɗaya ba, kuma duk mai tsayawa gaban inji ta ɗaure hijabinta ta cusa shi. Masu haɗa sabulu, soda ba a zuba ta a robar lemo ko ta ruwan sha, ko na minti biyar ne. Ruwanta fari ne tas, yaro zai ɗauka ya kurɓa, ta ƙone masa maƙogwaro, wani har abada ba zai ƙara haɗiyar tuwo daidai ba. In hakan ta faru kada a sa shi amai, don za ta sake ƙona hanyar da ta bi, a garzaya asibiti. In a ido ta fantsama, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta ba ƙaƙƙautawa kafin a tafi. Ƙunar wuta ko ta mai kuwa, ruwa mai sanyi ake zubawa na kamar minti 20, ba ƙwai ba, ba man goge baki ba, ba manja ba. Janareto kuma waje, nesa da taga, ko da ana ruwa.

Sannan yarinyar da aka kawo miki daga ƙauye. Ita ke sauke tukunyar ruwan zafi, ita ke suyar awara tun asuba da barci a idonta, ita ke hawa kan tanki, ita ke kunna gas ɗin da ba wanda ya koya mata. In ta ƙone sai a ce rawar kai gare ta, a shafa mata wani abu, in abin ya yi tsanani a sa ta a mota a mayar wa iyayenta da ɗan kuɗin magani. To meye bambancinmu da mai kamfanin da muke zagi? Lokacin da Abu Zarri (RA) ya gori wani da ke ƙarƙashinsa, Manzon Allah (SAW) ya tsawata masa, ya sanar da shi cewa masu yi mana hidima 'yan'uwanmu ne da Allah Ya sa a hannunmu, a ciyar da su daga abin da ake ci, a tufatar da su daga abin da ake sawa, kada a ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu, in an ɗora kuma a kama musu. A wani hadisin ƙudusi da ke cikin Bukhari, wanda ya ɗauki ɗan ƙwadago ya ci gumin aikinsa ya hana shi ladansa yana cikin mutum uku da Allah (SWT) da kanSa zai yi husuma da su ranar alƙiyama. Ita waccan doka ta 2010 ma ta lissafa mai aikin gida, matuƙar ba ɗan gidan ba ne, a cikin ma'aikata. Ciwon da ta ji a kicin ɗinki, maganinsa a wuyanki yake har ta warke. Yarinyar da ba za ki bar 'yarki mai shekarunta ta yi wani aiki ba, ita ma kada ta yi. Almajirin da ke yi miki wanki da ɗiban ruwa a rijiya mara murfi, shi ma haka.

A ajinmu na matan aure na ce kowacce ta zo da sunan wani nata da aiki ya ci ko ya nakasa, uba ko miji ko ɗa ko maƙwabci, mu yi wa Musulmin cikinsu da suka rasu addu'a, mu kuma duba cikin iyalan da aka bari wa ke buƙatar a leƙa shi. Tare da kowane suna na ce a faɗi yadda abin ya faru da abin da da an yi shi da wataƙila an kauce. Kuna iya yin haka a reshenku, ba sai an jira watan Afrilu ba.

Aikin gida kuma ga shi. Daren yau, bayan maigida ya ci abinci ya huta, ba yana shigowa da gajiya ba, ki tambaye shi cikin lumana: a wurin aikinku mene ne ya fi haɗari? An ba ku abin kariya, kuma kana sawa? In wani abu ya same ka, Allah Ya kiyaye, wa za a kira, kuma wa ya san lambata a can? Wataƙila ya yi dariya ya ce fata kike yi masa. Ki ce a'a, malamarku ce ta ba ku jinga. Abin da ya faɗa ki rubuta a bangon littafinki na Islamiyya, tare da lambar wayar abokin aikinsa guda ɗaya.